Matafiyan Dare a Fuskar Wata

Mai Duban Wata: Jama'a, ga abin da na gani jiya. Wanda zai amsa ya riƙe mini amsa-amon.

Daren sha huɗu na kafa madubin hangen nesa,
Na zauna, barci bai ɗauke ni ba.
Wata ya cika, ya yi fes da shi,
Ko ɗan gajimare bai gifta ba.
Sai ga tsuntsu, baƙin ɗigo mai fiffike,
Ya ratsa, bai kai daƙiƙa biyu ba.
Na ga bugun fiffikensa sau uku,
Ya shige duhu, ban sake ganinsa ba.

Autar Taurari:

Yaya, na zauna har wuyana ya ƙage,
Minti arba'in ban ga komai ba.
Anya ba jemage ka gani ba kuwa?
Ni ban san tsuntsu da tafiyar dare ba.

Dattijon Zaure: 'Yata, matso ki ji.

Jemage tashinsa duk kwane-kwane,
Tsuntsaye masu ƙaura layinsu bai karkace ba.
Da rana su ci, da dare su tashi,
Iska ta yi sanyi, ba ta hargitse ba.
Shaho ya kwanta, su kuwa sun yi nisa,
Sun wuce ta kansa bai farga ba.
Taurari ke yi musu jagora,
Da maganaɗisun ƙasa, ba su ɓata ba.
Faɗin wata rabin digiri ne kacal,
'Yar taga ce, ba sama duka ba.
In ɗaya ya gifta, akwai ayari
A gefe da gefe, ba ki gan su ba.

Mai Duban Wata: Allah ya ƙara girma, Baba. Bari in ɗora.

A 1880 masanin tsuntsaye Scott ya gan su a Princeton ta Amurka,
Ta madubin taurari, bai yi shiru ba.
Oktoban 1952 wani masanin, Lowery, ya yi gayya,
Daga jihar Luwiziyana ta Amurka, bai raina kowa ba.
Sama da mutum dubu suka kwana ƙirga,
Idonsu na kan wata, ba su yi wasa ba.
Auta, ɗauki wata kamar fuskar agogo,
Inda tsuntsu ya shiga da inda ya fita, kar ki ce ba ki rubuta ba.
Gwada girmansa da Tycho, wani rami a fuskar wata,
In ƙarami ne, bai yi kusa ba.
Ki dage kafin dare ya raba,
Bayan nan yawansu bai kai na farko ba.

Autar Taurari: Yaya! Baba! Na koma daren jiya.

Na kashe fitila, na jingina bayana,
Wannan karon ban yi gaggawa ba.
Ya shiga ta ƙarfe biyu, ya fita ta takwas,
Ɗan mitsitsi, bai kai rabin Tycho ba.
Hannuna na rawa, alƙalami ya faɗi,
Na biyu ya wuce ban ɗauko shi ba.