SWR na ya ƙi sauka daga 4, don Allah a taimaka

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Rediyon da nake amfani da ita Icom IC-718 ce, irin wadda ake aika magana da karɓa da ita, ta kawuna marigayi, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kalle ta, wasu har cewa suka yi a kai wa 'yan gwangwan. Ni na ɗauka, na sha wahalar neman lasisi, maiɗakina kuma har yau gani take kuɗin cefane nake zubarwa. Na haɗa eriyar daifol, wato waya biyu masu tsawo ɗaya da ake jona wa kebul a tsakiya, ta zangon mita 40. Don samun tsawon wayar na raba 143 da 7.1, wato megahaz ɗin da nake son aiki a kai, ya ba ni mita 20 da 'yan kai, na yanka waya gida biyu. Amma ina danna makirufo SWR, wato ma'aunin wutar da ke dawowa daga eriya, ya haura 4, wutar fita kuma ta faɗi, ko kusa da wat 100 ba ta zuwa. Tsorona kar in ƙona ta. Me zan yi?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Yaro, sayi tiyuna, na'urar da ke daidaita rediyo da eriya, ka huta. IC-718 ba ta da shi a ciki, kuma da gangan take rage wuta idan SWR ya wuce 2, kare kanta take yi. A kan 3 ma kashi 25 cikin ɗari na wutarka dawowa yake, a kan 4 kashi 36. Tun kafin a haife ka nake wannan harka.

Ɗan Maraɗi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma tiyuna rediyo kaɗai yake rarrashi. Tsakaninsa da eriya SWR ɗin yana nan yadda yake, wuta na zama zafi cikin kebul. Malam, ba ka faɗa mana komai ba. Wane kebul ka sa? Nawa ne tsayin eriyar daga ƙasa? A wane wuri cikin zangon SWR ya fi sauka, wajen 7.0 ko 7.2? Idan a ƙasa ne wayarka ta yi tsawo, sai ka rage kaɗan kaɗan a kowane gefe.

Sabon Shiga: Kebul ɗin dish ne, na jona shi da guntun kebul ɗin rediyo, RG-58, da na tarar a kayan kawu. Eriyar tana saman rufin kwano, kamar kamu huɗu tsakani. Ban duba sauran wuraren ba. Amma lissafina daidai yake, na sake bi.

Mai Gyaran Talabijin: Kebul ɗin dish om 75 ne (om ma'aunin turjiyar wuta ne), rediyonka om 50 take so. Ga matsalarka nan. Ni abin da ke ci min rai ma kebul ɗin da ake sayarwa yanzu. Na sayi nadi guda a kasuwa, an rubuta RG-58 ɓaro-ɓaro, da na feƙe ragar ciki ba ta fi gashin jariri ba. Na mayar, mai shagon ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

Baba Injiniya: Ba haka ba ne. Om 75 a kan 50 bai wuce 1.5 ba, ita kanta daifol a sarari wajen om 73 take. Ina 4 ya fito? Kwanon nan ne. Waya kusa da ƙarfe haka, om ɗinta faɗuwa yake ƙasa warwas. In ba zai iya ɗaga ta ba, tiyuna. Na gama magana.

Ɗan Maraɗi: To ai Baba kai ma ka yarda eriyar ce ke ciwo. A sa gora ko doguwar sanda a ɗaga tsakiyarta, gefuna biyu su gangaro nesa da rufin, om ɗin zai matso kusa da 50. Sannan ragar kebul ɗin dish yawanci alminiyam ce, dalma ba ta kama ta, ina zargin mahaɗar nan. Kuma wayar mai riga ce? Mai riga tana son a rage mata tsawo a kan lissafin.

Hajiyar Solar: Ku kuna ta SWR, mu nan inbatar maƙwabci ce ta hana mu jin kowa a mita 40. Shuuu kawai daga magariba. Na yi masa magana, ya ce ai ni ce nake ɓata masa talabijin.

Sabon Shiga: Na gode duka. Ɗaga ta ba zai yiwu ba, gidan haya ne, mai gidan ma da kyar ya yarda da wannan. Mahaɗar kuma ni na yi ta da hannuna, na naɗe da tef sosai, ba na jin daga nan ne. Rage waya kuwa tsoro nake, in na yanka ba ta dawowa. Wani abu kuma, in na taɓa jikin rediyon lokacin magana tana ɗan cizon hannu.

Ɗan Maraɗi: Wannan ai da shi ya kamata ka fara! Wuta ce ke biyo bayan ragar kebul ta dawo ɗaki. Kana da balun 1:1, na'urar da ke tare wannan wutar, a tsakiyar eriyar? Kuma ba sai ka yanka ba, lanƙwasa bakin wayar ka murɗe ta a jikinta. Ka ari NanoVNA, 'yar na'urar gwajin eriya, a auna.

Baba Injiniya: A zamaninmu babu wani NanoVNA, kuma mun yi magana da Jamus da Burazil.

Sabon Shiga: Balun kuma? Kawu bai taɓa sa wa tasa ba. Baba, tiyuna na hannu nawa zai kai yanzu?