Ina so in buɗe gidan baje kolin hotuna a Jos, ku ba ni shawara

Maihoton Jos:
Assalamu alaikum. Shekara 14 ke nan ina sana'ar hoto: kamu, walima, suna, fasfo, duk abin da ya samu. Da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Amma akwai wani aikin da ba wanda ya sa ni. Duk hunturu, da na idar da sallar asuba sai in rataya kyamara in hau babur zuwa tsofaffin kududdufan kuza na wajen Rayfield da Bukuru, ramukan nan da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi, ruwa ya cike su. Kafin hazo ya ɗaga, ruwan yana kwance shiru, jar ƙasar gaɓa na kallon kanta a ciki. Daga baya na koma ɗaukar matan da ke wankin kuza, musamman hannayensu, duk sun tsage saboda sanyi. Waɗannan hotunan su ne nawa na gaske, kuma suna cikin kwamfuta, ba mai gani.

Yanzu an tashi daga shagon da ke jikin nawa. Zuciyata na ce mini in kama, in shafa farin fenti, in rataya guda 20 in sa musu kuɗi. Uwargida ta ce wa zai sayi hoton da ba fuskarsa a ciki? Na kasa ba ta amsa. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Dattijon Wuse:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayar matarka ita ce tambayar, kada ka ji haushinta. Na daɗe ina yi wa masu zane da masu hoto firam a Abuja, kuma masu sayen irin naka 'yan kaɗan ne: otal-otal, ofisoshi, ma'aikatan jakadanci, sai ɗaiɗaikun masu tarawa. Su kuma ba hoto kawai suke saye ba. Za su tambaye ka kwafi nawa ka buga. Idan ka ce 10, ka rubuta 1/10 a ƙasa ka sa hannu, to har abada ba na 11, ko nawa aka taya. Ranar da ka karya wannan, sunanka ya zube. Sannan takardar wankin hoton biki ba za ta yi ba, rana na dukanta take koɗewa. Akwai ta auduga da tawada mai daɗewa, tana da tsada. Kafin ka kama shago, zo ka zaga gidajen baje kolin zane na Thought Pyramid da na Nike a nan Abuja, ka ga yadda ake rataya aiki da haska shi. Ka kuma sani, mai galari, wato gidan baje koli, yakan ɗauki kusan rabin kuɗin abin da ya sayar maka.

Ɗan Tudun Wada:
Ni dai ina ganin ka buɗe. Alfred Stieglitz mai hoto ne, ya buɗe nasa mai suna 291 a New York a 1905, lokacin da mutane ba su ɗauki hoto a bakin fasaha ba. Jos da ke da gidan tarihi tun 1952 ga makarantar koyon fim, a ce ba bango ɗaya na hotuna? Ko ɗalibai kaɗai za su cika maka wuri.

Dattijon Wuse:
Ɗalibai za su cika wuri, amma ba su za su biya haya ba. Ka duba Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya: ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara wajen dubu, sai a 2000 aka baje su a Faris. Duk tsawon nan yana aikin da ke ciyar da gidansa. Malick Sidibé na Bamako ma hoton bukukuwan samari da 'yan mata ne ya kai shi ga lambar zinare ta babban baje kolin fasaha na Venice a 2007. Kada ka raina kamu da walima, wataƙila aikinka mafi kyau yana cikinsu.

'Yar Bukuru:
Malam, kakata ta yi wankin kuza, shi ya sa na kasa wucewa. Matan nan sun san za a rataye su a bango da farashi? Yardar a ɗauka daban, yardar a sayar daban. Ka koma ka nuna musu, wadda ta ƙi ka cire nata, wadda ta yarda a san rabonta. Ranar buɗewa kuma su ne ya kamata su fara shiga.

Maihoton Jos:
Hajiya, wallahi kin taɓa inda ban duba ba. Izinin ɗauka na nema, ban taɓa yi musu maganar sayarwa ba. Asabar zan wanke ƙanana in kai musu, in sha Allahu. Shagon zan ɗan dakata, in fara da bangon sutudiyona, hoto shida. Baba na Wuse, takardar audugar nan a Abuja ake bugawa ko sai Legas? Kuma gilashi ake sa mata ko a bar ta haka?