Neman kalma: me za mu kira "type mismatch" idan ana tace jeri?

Mai fassarar darasi: Assalamu alaikum malamai. Ana shirya darasin TypeScript, yaren rubuta manhaja, da Hausa, an iso babin `filter`, umarnin da ke tace jeri. Jerin sunaye ne mai nau'in `(string | undefined)[]`, wato kowane gurbi ko dai rubutu ne ko babu komai a cikinsa, an tace shi da `x => x !== undefined`, sai kompaila, manhajar da ke duba shirin ta fassara shi, ya ƙi a zuba sakamakon cikin `string[]`, jerin rubutu zalla, ya jefo kuskure mai lamba TS2322. Wannan shi Turawa ke kira type mismatch. Kalmomin da ke hannu uku ne: rashin jituwar iri, bambancin jinsi, saɓanin nau'i. Wacce ta fi?

Injiniyar manhaja: Wa alaikumus salam. Malam, a cire jinsi tun yanzu, ɗalibi zai ɗauka maganar namiji da mace ake yi. Jituwa kuma ta mutane ce. Gyaran kuskuren dai shi ne a faɗa wa kompaila abin da tacewar ke tabbatarwa: `(x): x is string => x !== undefined`. Tsoffin sigogin TypeScript ba sa duba cikin sharaɗin, nau'in da ya shiga shi suke mayarwa ko da an cire komai. Daga siga ta 5.5, wadda ta fito a 2024, kompaila na gano wannan da kansa a sharaɗi mai sauƙi irin naka. Amma kar a koya wa ɗalibai `filter(Boolean)` a matsayin magani. Yana zubar da 0 da rubutun da babu komai cikinsa tare da `undefined`, ga shi kuma nau'in bai canja ba.

Malamin kwamfuta: Ni "bambanci" ce ba ta kwanta min ba. Lamba da rubutu ai kullum sun bambanta, hakan ba laifi ba ne. Kuskuren yana faruwa ne idan wuri ya nemi abu kaza aka kawo masa wani. Ku duba yadda Scala, wani yaren manhaja, ke rubuta saƙonta: layi ɗaya `found`, layi ɗaya `required`, wato abin da aka samu da abin da ake buƙata. Idan mutum biyu suka yi alkawarin haɗuwa kowa ya bi tasa hanyar, cewa muke an yi saɓani. Ma'anar ke nan daidai.

Mai rubutu da Rust: Na goyi bayan malamin kwamfuta. A yaren Rust saɓanin yakan ɓuya a wurin da ba a zata ba. `iter()` manuni yake bayarwa zuwa ga kowace lamba, wato abin da ke nuna inda take ba ita kanta ba, `filter` kuma ya ƙara wani manunin a kai, don haka `x` ɗin da ke cikin `v.iter().filter(|x| ...)` nau'insa `&&i32` ne. Ka rubuta `x > 5`, kana gwada manunin manuni da lamba tsura, kompaila ba zai yarda ba. Ko dai `**x > 5`, ko a warware tun daga bakin ƙofa da `|&&x| x > 5`. A nan duka lambobi ne, ba za a ce "iri" ya bambanta ba, shi ya sa nau'i ta fi ɗaukar ma'anar. Iri kuma manomi zai ce nasa ne.

Injiniyar manhaja: Sai dai a raba shi gida biyu a darasin, Malam. Akwai wanda kompaila ke kamawa kafin shirin ya tashi, akwai wanda sai ana cikin aiki. A Python 3, `filter(lambda x: x > 5, ["3", "10"])` ba ya cewa uffan a layin da aka rubuta shi, domin bai fara tacewa ba tukuna. Sai an kira `list()` a kansa sannan TypeError ya fito, mutum ya yi ta neman laifi a layin da ba shi ba. Maganin `int(x) > 5`, ko ma a mayar da jerin lambobi tun lokacin karanto shi daga fayil.

Na JavaScript ya fi muni. Lambar da aka ɗauko daga fom rubutu ce, `"10" === 10` kuwa ƙarya ne, sai tacewa ta dawo da jeri wayam ba tare da wani saƙo ba.

Malamin kwamfuta: To wannan na ƙarshen a ce masa saɓanin nau'i na ɓoye. Shi kuma `filter` a bar shi a tacewa. Na ji wasu na cewa tantancewa, amma wannan ta fi kusa da binciken ingancin bayanai, za a buƙace ta a wani babin.

Mai fassarar darasi: Na gode, Allah ya ƙara basira. An tsaya a kan saɓanin nau'i. Saƙon kuskuren zai zauna da Turancinsa yadda ɗalibi zai gan shi a allo, a ƙarƙashinsa a rubuta: "Saɓanin nau'i: an samu jerin rubutu mai giɓi, ana buƙatar jerin rubutu zalla." Saura kalmar `undefined`, wadda na sa wa giɓi na wucin gadi. Mai wata shawara ya kawo.