Mai ciki za ta iya cin kifin salmon mai hayaƙi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina da tambaya. Ina zaune a Ingila, cikina wata biyar, kuma kwaɗayina duk ya koma kan salmon ɗin nan da ake yankawa siriri a leda, in ɗora a burodi in ci. Maƙwabciyata ta ce in daina wai akwai haɗari. Ni dai a gida banda muke ci ba wanda ya taɓa hana mai ciki, to meye bambancin?

Anti Nas: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya. Banda ta sha wuta sosai sannan kuma a jefa ta a miya ta tafasa, shi kuwa wannan hayaƙi mai sanyi ake ba shi, zafin bai wuce digiri 30 ba, wato kusan ɗanye ne. Akwai ƙwayar cuta listeriya da ke iya zama a ciki, ita ko a firij hayayyafa take yi, ba wari ba canjin kala balle ki gane, kuma takan ratsa mahaifa ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ko a rasa jaririn, Allah ya kiyaye. A 2023 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta ce masu ciki su guje shi sai in an dafa shi ya yi zafi har yana tururi.

Ƴar Katsina: Ni fa na ci a cikin fari kuma lafiya lau na haihu alhamdulillah

Anti Nas: Masha Allah ƴar uwa, ai ba kowace leda ke da ita ba, amma ba ki da hanyar sanin wacce ce. Maman Biyu kar ki tada hankalinki kan wanda kika riga kika ci, sai dai in kin ji zazzaɓi, ciwon jiki ko gudawa, ko da bayan makonni ne, ki kira ungozomarki nan take ki faɗa mata abin da kika ci.

Ummu Sadiq: Ni soya shi nake da ƙwai da albasa da attaruhu, ko in zuba a taliya ya dahu. Ɗanyen salmon ma ki gasa abinki yana da amfani ga jariri, sau biyu a sati dai hukumar lafiya ta Birtaniya (NHS) ta ce kar a wuce.

Maman Biyu: Na gode sosai Anti, Allah ya saka da alheri. Ummu Sadiq, gishirinsa ba ya yin yawa in an soya?