Daga duba marasa lafiya zuwa kujerar minista: wace hanya Farfesa Ali Pate ya bi?

Baban Likita, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka fi ni sanin harkar lafiya da ta mulki. Babban ɗana ya gama karatun likita, ya yi shekararsa ta sanin makamar aiki, yanzu kuma yana dab da kammala hidimar ƙasa. Da ya zo hutun Babbar Sallah, muna zaune a zaure bayan la'asar, sai ya shaida mini cewa ba ya da niyyar tsufa a ɗakin duba marasa lafiya, kuma yana so ya yanki katin jam'iyya a mazaɓarmu tun yanzu. A cewarsa, mai rubuta magani mutum ɗaya yake taimako a lokaci guda, mai sa hannu a kasafin kuɗi kuwa al'umma ce gaba ɗaya a hannunsa. Sunan da yake ta kafa mini hujja da shi shi ne Farfesa Muhammad Ali Pate.

Ni ɗan kasuwa ne, da cinikin yadi na biya kuɗin karatun yaron nan, kuma abin da na sani game da Farfesa bai wuce abin da nake ji a rediyo ba. Shin da katin jam'iyya ya fara? Sannan wane aiki ya yi wanda amfaninsa ya iso mana nan Katsina? Ba na so in hana yaro da jahilci, ba na kuma so in sa masa albarka a kan abin da ban fahimta ba.

Likita, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya wa karatun yaro albarka. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, kuma lissafin shekaru kaɗai ya isa ya nuna haka.

An haifi Farfesa Pate a 1968, mutumin Misau ne ta Jihar Bauchi, kuma ya gama karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1990. Daga nan ya yi aiki a cibiyar binciken cututtuka da ke ƙasar Gambiya, sannan ya wuce Amurka inda ya ƙware a fannin cututtukan manya da cututtuka masu yaɗuwa. Bai tsaya a likitanci zalla ba, ya haɗa da karatun tafiyar da tsarin kiwon lafiya da na harkokin gudanarwa, kuma a shekarar 2000 ya kama aiki da Bankin Duniya, inda aikinsa ya koma kan yadda ƙasashe ke tsara asibitocinsu da yadda suke samo kuɗin riƙe su. Sai a ƙarshen 2008 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, namu na nan gida, ya naɗa shi shugaban Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa. Ka ga shekara 18 ke nan tsakanin ranar da ya karɓi takardar likita da ranar da ya fara riƙe babban muƙamin gwamnatin tarayya.

A watan Yulin 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya mai da shi ƙaramin ministan lafiya a ƙarƙashin babban ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu. Shekara biyu ya yi, a Yulin 2013 ya ajiye muƙamin da kansa ya koma koyarwa a Jami'ar Duke ta Amurka, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar da sai an tunɓuke mutum kafin ya bar kujera. A 2019 ya sake komawa Bankin Duniya a matsayin daraktan sashen lafiya da abinci mai gina jiki, daga bisani ya koyar a Jami'ar Harvard. A farkon 2023 aka sanar da shi a matsayin wanda zai shugabanci Gavi, ƙawancen da ke samar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi alluran rigakafi, amma kafin ya kama aikin sai ya janye ya dawo gida, kuma a watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya rantsar da shi ministan lafiya da walwalar jama'a.

Ga kuma ɓangaren da nake zaton ɗanka bai ba ka labarinsa ba. Farfesa ya shiga siyasar neman ƙuri'a, ya nemi gwamnan Bauchi fiye da sau ɗaya, bai samu ba. A 2019 ya tsaya a jam'iyyar PRP, Sanata Bala Muhammad na PDP ya ci zaɓen. A 2022 ya shiga zaɓen fid da gwani na APC, tikitin ya tafi hannun tsohon hafsan sojan sama Sadique Abubakar. Wato duk muƙaman da aka san shi da su naɗi ne, kuma abin da ya jawo naɗin shi ne ƙwarewar da ya tara, ba yawan magoya baya a mazaɓa ba. Idan yaro yana son kwaikwayonsa, to kada ya fara daga ɓangaren da mutumin ya sha kaye.

Tsohuwar Ungozoma, Daura:

Alhaji, Likita ya ba ka tarihin takarda, ni kuma bari in ba ka wanda na gani da akwatin sanyi rataye a kafaɗata, domin shekaruna na ƙarshe a bakin aiki a yaƙi da shan inna suka tafi.

Wanda bai yi wannan aikin ba, ba zai gane irin ƙiyayyar da muka tarar ba. Tun 2003, lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin kuma Kano ta kai har tsakiyar 2004 ba ta dawo ba, magana ta riga ta shiga gidaje cewa ɗigon nan yana hana haihuwa. Ban taɓa ɗaukar mutanenmu marasa hankali a kan haka ba. Suna tune da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996, kuma suna da wata tambaya wadda har yau ba ta bar ni ba. Wani magidanci a wani ƙauye da ba zan ambata ba ya tare mu a ƙofar gidansa ya ce, ɗansa ya kwana uku da zazzaɓin cizon sauro bai sami mai ba shi ko ƙwaya ɗaya kyauta ba, to me ya sa wannan maganin kaɗai ake biyo shi da shi har gida? Na tsaya ban da ta cewa. Wasu gidajen kuwa ana jin sallamarmu sai a tura yara ɗaka a ce sun tafi kiwo.

Abin da ya canza bayan zuwan Dakta Pate hukumar shi ne an daina ɗaukar sarakuna a matsayin baƙin da ake gayyata ranar buɗe taro, aka ɗora musu aikin a wuyansu. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko da goyon bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, umarni ya riƙa gangarowa daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya tsaya a kan mai unguwa, wanda ya san gidan da aka yi haihuwa jiya da gidan da ake ɓoye yara. Ranar da dagaci ya fara ɗiga wa jikansa a gaban jama'a, gidajen da suka shekara suna korarmu da kansu suka fito da nasu. Yaran da cutar ta kama a Nijeriya sun kusa 800 a 2008, amma a 2010 ba su wuce 21 ba. Na yi imani da cewa sai ɗan gida, wanda ya san nauyin rawani a ƙasar Hausa, zai ga wannan ƙofar. Ba mamaki daga baya aka naɗa shi Cigarin Misau.

Sai dai kada a gaya wa yaronka cewa daga nan komai ya tafi sumul. An yi sake, cutar ta sake ɗagowa har ta kai yara 122 a 2012, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi muni. A wannan lokacin, yana ƙaramin minista, shi ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan cutar, aka kafa cibiyoyin ɗaukin gaggawa masu bin diddigin kowace mazaɓa. A Fabrairun 2013 aka harbe mata masu aikin rigakafi a Kano, mu kuma washegari haka muka ɗauki akwatunanmu muka fita gabanmu na faɗuwa. Lokacin da aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020, shekara huɗu bayan na ƙarshe da aka gani a Borno, ya yi shekara bakwai da barin kujerar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har yanzu ma ana fita zagaye a jiharmu saboda wani nau'in ƙwayar da ke yaɗuwa inda yara ba su sami cikakken rigakafi ba.

Akwai kuma shirin tura ungozomomi karkara da hukumarsa ta fara a 2009, wanda ya kwashi sababbin ungozomomi da waɗanda suka yi ritaya ya kai su ƙananan asibitoci. Tunani ne mai kyau, na ga matan da ya ceta. Amma an raba biyan alawus ɗin tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a wurare da yawa kason jihohi da na ƙananan hukumomi bai riƙa fitowa ba, ga rashin masauki, sai da yawa daga cikinsu suka tattara suka koma birni.

Tsohon Akawu, Ƙofar Sauri:

Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Maganarki ta ƙarshe ita ce ta sa na ce bari in sa baki, domin a ofis na yi rayuwata kuma na san inda takarda ke maƙalewa. Ministan lafiya ba shi ne mai asibitin unguwarku ba. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya su ne nasa, manyan asibitocin garuruwa na gwamnan jiha ne, asibitin sha-ka-tafi kuwa, wanda talaka ya fi zuwa, yana wuyan ƙaramar hukuma da hukumar jiha. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe, amma kuɗin sai sun ratsa hannaye kafin su zama magani a kan kanta. Alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi kuwa, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, ko likita ne minista ko ba likita ba. Wannan ne ya sa a Disambar 2023 Farfesa Pate ya nemi gwamnoni su sa hannu a yarjejeniyar aiki tare, domin ba shi da ikon ba su umarni.

Alhaji, idan ɗanka siyasar gaske yake so, akwai wanda ya fi dacewa ya karanta tarihinsa, wato Dakta Dalhatu Sarki Tafida, Tafidan Zazzau. Shi ne likitan Shugaba Shehu Shagari, ya yi kwamishina a tsohuwar Jihar Kaduna lokacin da mu ma muna cikinta kafin a ba mu tamu a 1987, ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1993 zuwa 1995, sannan ya ci zaɓen sanatan Kaduna ta Arewa a 1999 ya yi zango biyu har ya zama shugaban masu rinjaye, daga ƙarshe ya tafi jakadanci Birtaniya. Shi ma dai sai da ya manyanta a likitanci kafin ya nemi ƙuri'a. Ni kuwa a wurina, ministan da ya fi barin sawu shi ne marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan rigakafi da ruwan gishiri da sukari, kuma a ƙarshen zamaninsa aka kafa hukumar da Pate ya zo ya shugabanta.

Likita, Ƙofar Ƙaura:

Baba Akawu ya faɗi gaskiya, zan ƙara abu ɗaya. Zangon Farfesa Pate na biyu a ma'aikatar lafiya bai kai a yanke masa hukunci ba tukuna. An shigo da rigakafin sankarar bakin mahaifa a 2023, da sabuwar allurar sanƙarau a 2024, aka kuma fara ta zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024. A ɗaya gefen, shi da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, mu da muka rage muna jin nauyin a kafaɗarmu, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Katsina cika suke yi duk damina. A irin wannan hali, fitar likita ɗaya daga asibiti ba ƙaramin giɓi ba ne.

Baban Likita, Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa yaron duk abin da kuka rubuta, ya kira ni bayan isha'i muka daɗe muna magana. Bai janye batun siyasa ba, amma ya ce zai fara neman gurbin ƙwarewa a fannin lafiyar al'umma, kuma tambayar magidancin nan da ya tare ku a ƙofar gida ta tsaya masa a rai. Hajiya, ya roƙe ni in tambaye ki ko daga baya kun koma gidan, kuma ko mutumin ya bari an ɗiga wa yaransa.