Karayar ƙashin ƙwauri: ƙusa a cikin ɓargo ko farantin ƙarfe?

Abu Fatima:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya karye a tsakiyar ƙwauri, kuma fatar ba ta tsage ba. Likitan ƙashi ya ce za a zura masa ƙusa, wato doguwar sandar ƙarfe, a cikin ɓargo. Me ya sa ba a zaɓi farantin ƙarfen da ake ɗaurawa a jikin ƙashi ba, alhali kullum shi nake jin ana ambata?

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Idan karayar tana tsakiyar ƙashi a jikin babban mutum, ƙusar ita ce aka fi amfani da ita. Ana shigar da ita ta wajen gwiwa, ta bi ramin ɓargo, sannan a kulle ta sama da ƙasa domin kada ƙashin ya juya ko ya gajarce. Babban amfaninta shi ne ba a buɗe wurin karayar, saboda haka ba a ɓata jijiyoyin jinin da ƙashi ke buƙata kafin ya haɗe. Wannan yana da muhimmanci a ƙwauri, domin gabansa fata ce kawai ta rufe shi. Illar da aka fi sani ita ce ciwo a gaban gwiwa, wanda kan daɗe wa wasu.

Malam Ɗanjuma:
Faranti yana da wurinsa, Malam. Idan karayar ta kusanci gwiwa ko idon sawu, musamman idan ta shiga cikin gaɓa, shi ne yake ba likita damar daidaita ɓaraguzan ƙashi sosai. Idan kuma ƙashi ya fasa fata, nama ya lalace ko ƙazanta ta shiga, akan fara da ƙarafan da ake kafawa daga waje har rauni ya lafa. Akwai ma na zobba wanda likitan nan Gavriil Ilizarov ya ƙirƙira a Kurgan ta Rasha, wanda ake tsawaita ƙashi da shi kimanin milimita 1 a kowace rana.

Ummu Sadiq:
Akwai abin da nake roƙon ku kula da shi kafin aikin da bayansa. Idan ciwo yana ƙaruwa, magani ba ya kwantar da shi, ƙafar ta kumbura ta yi tauri, ku sanar da likita nan take, domin matsi a cikin tsoka yana iya kashe nama cikin sa'o'i. Haɗewar ƙashin takan ɗauki wata 4 zuwa 6, kuma shan taba yana jinkirta ta.

Abu Fatima:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan tambayi likitan lokacin da zai fara taka ƙafar.