Wace kalma za mu ba oxidative stress da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "rinjayen tsatsa"

'Yan'uwa dan Allah ku taya ni. Kwana uku ke nan ina ƙoƙarin rubuta bayani kan yadda homon ɗin haihuwa na mace ke hawa da sauka cikin zagayowar al'ada da abin da yake haɗa shi da oxidative stress, amma na maƙale a kan kalmar kanta. Na ga wasu sun fassara ta da "damuwar iskar oksijin", wallahi wannan ba ta zauna min ba ko kaɗan, don Bahaushe in ya ji damuwa tunaninsa zuciya zai tafi, mace ta karanta ta ɗauka ana nufin ɓacin ran da wasu ke yi gab da zuwan al'ada, alhali abin can cikin ƙwayoyin halitta yake faruwa.

Bari in faɗi abin tukuna. Jiki in yana ƙona abinci da oksijin don samun ƙarfi, akwai wasu 'yan sinadarai masu zafin nama da ke fitowa, wasunsu suna da electron (ɗan mitsitsin ɓangaren ƙwayar zarra) ɗaya da ba shi da abokin zama, sai su dinga fizgar na maƙwabta, su taɓa kitsen da ya lulluɓe ƙwayar halitta, su taɓa furotin, har DNA ba su bari ba. Jikin kuma yana da masu kashe musu kaifi, wato antioxidants, irin su sinadarin SOD da masana McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, da gulutatayon, da bitamin C da E. Wani masani Helmut Sies ne ya kafa kalmar oxidative stress a 1985, kuma abin da yake nufi shi ne sikeli ya karkata, masu ɓarna sun fi ƙarfin masu tsaro.

Wata babbar yaya tamu ma'aikaciyar jinya ta ce min a ce "gubar oksijin" kawai a huta. Yaya ki yi haƙuri, a nan ne na ƙi, kuma zagayowar al'adar ce ta hana ni yarda. Duba fa, homon ɗin istirojin na hawa a rabin farko na zagayen, in ya kai ƙololuwa sai LH, homon da ke sa ƙwai ya fita, ya yi tashin gwauron zabi, bayan awa 24 zuwa 36 ƙwai ya fita. To fashewar jakar ƙwan nan kamar ɗan kumburi ne da jiki ke haddasa wa kansa da gangan, kuma waɗannan sinadaran da muke shirin kira guba suna cikin masu aikin. A 2011 masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka sa wa ɓeraye magungunan kashe musu kaifi a gidan ƙwai, sai yawan ƙwan da aka saki ya ragu sosai. Haka ma 'yar rawayar tsokar da ke saura bayan ƙwai ya fita, wadda ke samar da homon furojestaron na kusan kwana 14, in ciki bai shiga ba su ma suna da hannu wajen rushe ta, furojestaron ya faɗi, jini ya zo. Abin da sai da shi ƙwai ke fita ta ya za mu sa masa suna guba? Gobe wata mai neman haihuwa ta karanta ta je ta dinga ɗirkar ƙwayoyin bitamin ba lissafi da sunan wanke guba, alhakin a wuyan wanda ya fassara yake.

Shi ya sa na koma kan tsatsa. Kowa ya san ƙarfe in ya sha iska da laima yana tsatsa, kuma a ilimin sinadarai gida ɗaya suka fito, oksijin ne ya ƙwace electron. Wani malami ya ce min jiki ai ba ƙarfe ba ne, gaskiyarka Malam, amma ai muna cewa ƙwaƙwalwa ta yi tsatsa ba wanda ya taɓa tambayar ina ƙarfen, harshen ya riga ya ba kalmar izinin shiga jiki.

Sai dai "tsatsar jiki" ita kaɗai ba ta isa ba, tana nuna kamar duk tsatsa cuta ce, mun koma gidan jiya ke nan. Dole a saka rinjaye a gaba. Rinjayen tsatsa, wato akwai ɓangare biyu, ɗaya ya danne ɗaya.

Kuma akwai wani abu da ya ƙara min ƙarfin gwiwa. An daɗe ana ɗaukar istirojin a matsayin mai kare jiki daga tsatsa, don a kwalbar gwaji haka yake nunawa, siffarsa ma tana da zoben fenol irin na bitamin E. Sai aka yi binciken BioCycle a Buffalo ta Amurka tsakanin 2005 da 2007, mata 259 masu lafiya 'yan shekara 18 zuwa 44, ana ɗibar jininsu har sau takwas a zagaye guda, yawancinsu zagaye biyu, ana auna F2-isoprostane wanda shi ne sawun da tsatsa ke bari in ta taɓa kitse. Abin da aka gani, inda istiradayol, wato babban nau'in istirojin, ya yi sama alamar ma sama take ɗan yi, akasin abin da aka zata. Ba wai an kama istirojin da laifi ba ne, tafiya tare suka yi kawai, amma ya nuna ma'aunin motsi yake cikin wata, ranar da aka ɗebi jinin mace tana iya canja sakamako. Kalmar da za ta ɗauki wannan dole ta yarda a ce "rinjayen ya ƙaru", "rinjayen ya sassauta", ku gwada da guba ku ji, "gubar ta sassauta ranar 20 ga zagaye", ai ba ta shiga kunne.

Homon kam na bar shi yadda yake, "sinadari" ya yi faɗi da yawa, gishiri ma sinadari ne.

Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne masu tsaron. Na rubuta "makarin tsatsa" na goge, na rubuta "garkuwar tsatsa" sai na ga za ta rikice da garkuwar jiki da muka riga muka ba wani abu daban. Yanzu "masu dakushe tsatsa" ke hannuna, don ba kawar da ita suke ba, kaifinta suke ragewa. Malaman Hausa da likitocin mata, in da mai wadda ta fi wannan gajarta ya kawo, da jimlar da ya gwada ta a ciki.